Ɗaurin Rago a Hannun Yelwa

Laifin Yelwa ya fito fili ne ranar da ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da murna, ta zauna a tsakar gida ta ce kowa ya zo ya ga abin da Madam ta koya musu. Ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana wani ƙaton harafi mai tumbi irin na kawunta Bilya, ta yi masa ƙane, ta yi wa ƙanen ƙane. Haruffan sun yi kyau, babu mai musu. Abin da ya ɓata su a wurin kakarta, Hajiya Kaltumi, shi ne hannun da ya haife su.

Saudatu, uwar yarinyar, tana bakin murhu tana kallo da wutsiyar ido. Da wutsiyar ido ta saba kallon Yelwa, domin 'yar fari ce. A gidan mahautan nan na Garuwa, kamar a gidajen Hausawa da yawa, 'yar fari ta kaka ce. Uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, in an dake ta ma sai ta ƙara wa wuta ice ta yi kamar ba ta ji ba. Wannan shi ake kira kunya, kuma ana yabon mace da shi.

Ba wai ba a san Yelwa bahaguwa ba ce. An sani tun tana rarrafe, an kuma bi ta da bayan ludayi har ta koyi ci da dama, sha da dama, karɓa da dama. Hajiya ta ɗauka an gama. Sai ga hagun ya ɓullo ta inda ba a kafa masa tarko ba.

Da yamma Hajiya ta zayyana dalilanta. Ta ce gidan nan gidan pawa ne tun kaka da kakanni, kuma ba a taɓa jin mai hankali ya sayi nama daga hannun hagu ba. Ta ce yarinya gidan wasu za ta, kada a wayi gari a ce ba ta samu kaka ba. Ta kuma kawo addini, ta shimfiɗa shi a kan maganar. Abin da malamai suka faɗa game da ci da sha ne da miƙa abu, Yelwa kuwa duk ta kiyaye. Hajiya ce ta ja shi da ƙarfi har ya rufe alli da allo, kamar yadda ake jan guntun zane ya rufe gwiwa.

"Hannu ai koyo ne," in ji ta. "Abin da ka saba masa shi yake yi. A ɗaure wancan, wannan zai tashi."

Shu'aibu, uban yarinyar, mutum ne mai fara'a wanda ya tsani rigima kamar yadda ya tsani wuƙa maras kaifi. Ya yi dariya ya ce wannan maganar mata ce, su ma da bulala aka miƙar da su, ga su nan ba su mutu ba. Ya ɗauki wuƙaƙensa ya fita.

Da safe Hajiya ta yago ƙyalle daga tsohon zane, ta ɗaure wuyan hannun hagun Yelwa a ƙugunta, a ƙarƙashin rigar lakwal. Ba ɗaurin banza ta yi ba. Ɗaurin rago ne, irin wanda mahauta ke yi wa ƙafafun dabba a kwata, wanda in ta motsa sai ya ƙara kamawa. Matar mahauci ce shekara da shekaru, ta san babu wata malamar lakwal da za ta kwance shi ta mayar yadda yake.

Haka kuwa aka yi. Madam Émilienne, malamar ajin farko, ta ɗauka karaya ce. Da ta duba ta ga hannu lafiya lau, sai ta kwance, da aka tashi ta mayar da irin ƙullin da ake yi wa bakin buhu. Hajiya ta gani tun daga zaure.

Madam ba ta jira a kira ta ba. Ta hau kilando, babur ɗin haya, ta zo har gida, doguwar mace 'yar Kaele mai dariya da ƙarfi, ta yi bayani da Fillanci, tana cusa Hausa inda ta iya. Hajiya ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa aka dama fura, ta saurara tana cewa to, to, haka ne. Ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta aurar. Madam ta ce nata ƙanana ne. Hajiya ta ce Allah ya raya, ta sa aka ƙunsa mata kilishi, ta raka ta har bakin zaure, a nan ta gaya mata cikin ladabi cewa ranar da aka sake taɓa ɗaurin nan, ranar Yelwa ta gama lakwal.

Daga nan kwanaki suka fara tafiya a karkace. Haruffa masu tumbi suka rame, suka koma kamar inda kaza ta yi tono. Yara suka raɗa wa Yelwa suna Rago, in ta wuce su yi mata kukan tumaki. Ta faɗi a bakin famfo ta fasa haɓa, saboda babu hannun tarewa. Hajiya ta ce rawar kai ce. Ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun kafin a yaye ƙanenta. Hajiya ta ce shan ruwa ne da yawa, a Garuwa kuwa, inda ko ƙadangare ke neman inuwa kafin hantsi. Aka rage mata ruwan yamma.

Sai maganar ta fara sarƙewa. Yelwa da bakinta ba ya hutawa, wadda take gaya wa kaji labarin aji in ta rasa mai saurare, ta koma in za ta ce "Hajiya" sai ta tsaya a kan "Ha" tana ƙifta ido. Hajiya ta ce iska ce ta shafe ta a hanyar lakwal, ta aika aka karɓo rubutu. Bilya ya ce ai in'ina alamar arziki ce, ya san wani dillalin shanu mai ita. Shu'aibu ya riƙa shigowa da tsire a takarda, ya zaunar da ita a cinya yana ba ta a baki yana ce mata uwata, ya ci gaba da kallon ko'ina ban da ƙugunta.

Saudatu ce ke wanke tabarmar kullum. Ita ce kuma ke ganin shatin ƙyallen a wuyan hannun in an kwance da daddare. Ta shafa masa man shanu a ɓoye, ba ta ce komai ba, maƙwabta suna ta yabon kunyarta.

Wata safiya ta goya ƙaramin ta kai shi rigakafi. A hanyar dawowa ƙafarta ta bi ta bayan lakwal, ta gaya wa kanta inuwar dalbejiya take bi. Ta tsaya a tagar ajin farko.

Shekarar da aka zaftare albashin ma'aikata ce, littafi kuwa an daɗe ba a ga wanda ya taso daga Yawunde ba. Yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, amma ɗakin ya fi kasuwa kaya. Madam ta sa an ɗebo mata rairayin Binuwai ta zuba a tsofaffin faya-fayai, a nan yara ke rubutu da yatsa, in sun ɓata su girgiza su sake. Ta yanka haruffa daga kwalin sabulu, ta shafa musu ƙaro ta barbaɗa yashi, yaro ya rufe ido ya shafa ya faɗi sunan harafi. Marafan kwalba ta huda ta zura a waya don ƙidaya. Ga 'ya'yan tsamiya a gwangwani, ga guryar auduga da ake sharewa a bakin kamfani, ga shanun yumɓu a jere a kan taga, kowace saniya da lamba a gadon bayanta. Saudatu, wadda ta yi aji uku a Tibati ba ta taɓa ganin komai ba sai baƙin allo da bulala, ta saki baki.

Ranar kuwa Madam ta gaji da kukan tumakin da ake yi wa Yelwa. Ta ce yau wasa za a yi: kowa ya mayar da hannun damansa baya, ya ɗebi gurya da hagu ya cika marfin kwalba, wanda ya riga ya ci alewa. Ɗaki ya kaure. Gurya ta watse ko'ina, marafai suka kife, wani ƙaton yaro mai yawan tsokana ya fashe da kuka ya ce hannunsa ya ƙi jin magana. Madam ta ce to, haka Yelwa take yini kullum, kuma ba ta taɓa kuka ba. A nan ne goyon Saudatu ya yi atishawa a taga.

Madam ta leƙo ta gane ta. Ta fito ta ja ta bayan aji, ta fara faɗa, ta ga matar ta sunkuyar da kai, sai ta sassauta. Ta ce ita dai hannunta a ɗaure yake kamar na yarinyar, tunda ba ta iya mayar da ƙullin tsohuwa ba.

Saudatu ta ɗago. Ita 'yar masunta ce, a cikin koma da igiya ta girma, ƙulli kuwa in ta gani sau ɗaya ya zauna. Ta kwance bakin majanyinta, ta kama hannun Madam, ta ɗaure shi ɗaurin rago, ta kwance, ta sake. Madam ta gwada ta ɓata, ta sake ta ɓata, suna ta dariya a bayan aji kamar 'yammata, har ya zauna mata. Duk zaman nan Saudatu ba ta ambaci sunan kowa ba. "Yarinyar nan" kawai take cewa, kamar 'yar maƙwabta.

Makonnin da suka biyo baya sun yi daɗi. Da safe Hajiya ta ɗaure, a lakwal Madam ta kwance, da an kusa tashi ta mayar. Haruffa suka sake yin tumbi. Tabarma ta bushe. Yelwa ta fara dawowa da waƙoƙin Faransanci, kuma abin mamaki in tana waƙa maganar ba ta sarƙewa. Hajiya ta riƙa ɗaukar allon tana zagawa da shi maƙwabta, tana cewa a zo a ga aikin ɗauri, wai 'yan boko sun ce ba ya yi.

Gab da hutu Madam ta zo da sabuwar dabara. Ta manna takardun buhun siminti a bango, ta zana gindin bishiya, ta dama bular wanki a kwano, kowane yaro ya tsoma hannu ya buga ya zama ganye. Yelwa ta tsoma wanda ya fi mata sauƙi. An wanke musu hannuwa da sabulu tas, amma bula ba ta barin ƙarƙashin farce. Ranar Juma'a Hajiya ta zaunar da jikarta za ta yanke mata farce, ta kama hannun da ya kamata a ce ya yini a ɗaure, ta ga shuɗi a yatsu biyar.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce alƙawari ta yi, kuma ita ba ta saɓawa: lakwal ta ƙare, ɗauri kuma yanzu har dare. Shu'aibu ya ce a bari a huce tukuna, ya tuna yana da shanu da zai duba. Yelwa ta buɗe baki za ta roƙa, kalmar ta maƙale, ta tsaya tana ƙifta ido har ta haƙura.

Kashegari da Hajiya ta fito alwala, ta tarar da surukarta a bakin murhu tana hura wuta, hannunta na dama a ɗaure a ƙugu, ɗaurin rago sak. Da haƙori da hagu ta ƙulla shi. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ta saba. Hajiya ta tambaye ta ko ciwo ne.

"Lafiya lau, Hajiya. Hagun nawa ne ba ya tsinana komai. Na ji kin ce hannu koyo ne, shi ne na ce bari in ɗaure wannan, wancan ya tashi."

Hajiya ta dube ta, ta nemi inda za ta kama ta ta rasa. Saudatu ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ambaci 'yarta ba, maganar Hajiyar ce ta ɗauka da muhimmanci, abin da kowace uwar miji ke addu'ar samu.

Kunun safe ya zo da gudaji kamar tsakuwa. Saudatu ta miƙa wa kowa kofinsa da hagu, tana ba da haƙuri. Hajiya ta ce ba ta jin yunwa. Da rana muciya ta ƙi juyawa, tuwo ya fito rabi ɗanye rabi ƙonanne, miyar kuɓewa ta kife a hanya saura kaɗan. Bilya ya ɗaga malmala ya juya ta ya tambaya ko da wannan za a yi jifan shaiɗan. Ya ci duk da haka, yunwa ba ta san dama da hagu ba. Hajiya kuwa, da ta shekara tana wa'azi a kan hannun hagu, ba ta da bakin cin abin da ya tuƙa. Ta aika a sayo mata ƙosai a ɓoye, mai ƙosan kuma ta tambayi ɗan aiken ko lafiya gidan pawa ke sayen abincin titi.

Shu'aibu ya sami Saudatu a ɗaki, ya fara da wasa, ya koma lallashi, ya ƙare da cewa in ba ta kwance ba, motar Tibati ba ta daina tashi ba. Ta san abin da komawa gida da goyo yake nufi, ta kuma san ba za a ba ta Yelwa ba. Ya ɗauki hularsa zai fita.

"Maigida, nawa wuni ɗaya ke nan, ka kasa kallo," ta ce a hankali. "Na wata kuwa tun ƙarshen damina kake ba ta tsire a baki."

Ya tsaya da hula a hannu. Bai sake maganar mota ba.

Aka shiga kwana na gaba a haka, aka shiga na gaba da shi. Saudatu ta ƙone a yatsa, ta fasa kasko, ta yanka albasa kamar da gatari. Yelwa na zaune a gindin turmi da nata ɗaurin, tana kallon uwarta, uwar tana kallon tukunya. Sau ɗaya idonsu ya haɗu, lokacin da ludayi ya kuɓuce ya faɗa cikin miya, dariya ta ƙwace wa su biyun, kowa ta kau da kai.

Sai ga saƙo cewa fataken shanu na Tinyer, waɗanda ke sauka a gidan tun zamanin marigayi Alhaji, mijin Hajiya, suna hanya. Mutane ne masu ci, masu kuma kai labari. Hajiya ta ɗaura ɗamara ta ce ita za ta yi girkin, ai ba yau ta fara ba. Ta zauna gaban babbar tukunya da tsakar rana, ta yi talge, ta kama muciya. Gwiwa ta ce ba da ita ba, kafaɗa ta bi bayanta, gumi ya rufe mata ido. Saudatu tana gefe tana miƙo mata gari da hagu cikin ladabi, Hajiya tana karɓa, don babu yadda za ta yi.

Tuwon bai kai rabi ba ta saki muciyar. Ta zauna tana haki, ta ƙwala wa Yelwa kira. Ta jawo ta, ta kwance ƙyallen, ta ce dama zafi ya yi yawa, ɗauri a wannan yanayi yana kawo ƙuraje, kowa ya sani. Ta ce lakwal kuma ta koma, tunda an riga an ɗinka riga, ba za a bar ta ta lalace ba. Sannan, ba tare da ta dubi kowa ba, ta ce in akwai mai sauran ɗauri a gidan nan ta kwance, baƙi na hanya.

Saudatu ta ce to, Hajiya. Ta sa haƙori ta kwance, ta murza wuyan hannunta, ta karɓi muciya. Fataken Tinyer sun ci tuwo sun yaba, sun ce Hajiya ta iya zaɓen suruka.

Babu wanda ya ba wa kowa haƙuri. A irin gidajen nan babba ba ya kuskure, sai dai yanayi ya canza. Ranar Litinin Yelwa ta koma aji da hannu biyu suna lilo, Madam ta ba ta aikin raba faya-fayan rairayi, ta raba da dama, ta zauna ta yi rubutu da hagu. Ƙarshen shekara ta zo ta ɗaya a rubutu, Hajiya ta sa aka yi waina, ta gaya wa duk wadda ta shigo cewa jikarta ce, a hannunta ta tashi, tarbiyya kuwa sai an jure.

In'inar ce dai ba ta tafi duka ba. An kwance ƙyalle a yini guda, harshen bai samu mai kwance shi ba. Ranar wainar ma wata baƙuwa ta tambayi yarinyar sunanta, ta tsaya a kan "Ye" tana ƙifta ido, mata suna jira. Baƙuwar ta ce Allah sarki, daga ina ta samo wannan?

Hajiya ta gyara zama, ta ce su dai kaf zuri'arsu babu mai ita, sai dai ko ta wajen uwa.

Saudatu tana bakin murhu tana juya waina. Ta ajiye cokalin, ta juyo gaba ɗaya, ba da wutsiyar ido ba.

"Sunanta Yelwa," ta ce. "Ki ba ta lokaci, za ta faɗa da kanta."